Man Suruki

Injin ya cinye wa Muttaƙa damina biyu. A jikin wata tsohuwar mota ƙirar Jamus ya dasa shi, wadda ya tarar tana ruɓewa a wani kango cikin Birnin Konni, kaji na ƙwai bisa kujerunta. Da rana yana gyaran baburan ƴan kabu-kabu a rumfar wani. In la'asar ta yi sanyi sai ya yaye buhunan da ya lulluɓe ta da su, ya koma kan nasa.

Turbo ya sa masa. Wanda bai sani ba zai ce katantanwar ƙarfe ce. Hayaƙin da injin ya fitar shi ke juya ta, ita kuma ta dinga ɗura masa iska kamar zugazugin maƙeri. Iska ta yawaita, wuta ta yi ƙarfi, mota ta yi gudu. Wannan kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne hana wutar cin gidan da aka hura ta a ciki.

Nan Muttaƙa ya ƙarar da ƙarfinsa. Ya nemo fistan masu kauri daga Kano. Zobbansu da hannu ya goge su, ɗaya bayan ɗaya, don su sami wurin miƙewa in sun ji zafi. Ya ciro radiyata daga wata matacciyar kamiyo, babbar motar kaya, ya datse ta daidai gaban motar. Ya ƙara wata ƙarama mai sanyaya iskar turbo kafin ta shiga. A kaskon baƙin mai ya liƙa shingayen ƙarfe, don kada man ya gudu gefe guda in an sha kwana. Da ya haɗa, ya yi ta jan ta a hankali zuwa Tsarnawa yana dawowa, don ƙarafan su saba da juna. Masu amalanken jaki na yi masa ba'a a hanya. Bai kula su ba.

Abu ɗaya ne bai iya ƙerawa da hannunsa ba: mai. Inji mai turbo ba ya shan kowane fetur. In man ba ya da ƙarfi, matsi da zafi kan sa ya kama wuta tun buji mai tartsatsin wuta bai ba shi izini ba, ya doki fistan a ka yana cikin tasowa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar tsakuwa a gwangwani. Amma in ta daɗe sai ta huda ƙarfe. Don haka a gidan mai yake saye, daga famfo, ya tace, ya gauraya da wani magani na gwangwani da ake kawo masa daga ƙetaren iyaka. A kan wannan haɗin ya saita komai.

Ba don wasa yake yi ba. Mai rumfar ya riga ya gaya masa bayan kaka zai rufe, ɗansa zai buɗe shagon waya a wurin. Ƴan'uwansa a Tajaye sun gama ɗaure damman gero, suna shirin cirani kamar kowace shekara, har sun aiko cewa akwai wurinsa a mota. Wanda ya tafi, sai damina, in ya dawo. Ga matarsa Zalika cikinta ya tsufa.

Ƙofa ɗaya ta rage masa. Alhaji Faruk, mutumin Sakkwato mai garejin motocin tsere, ya taɓa tsayawa a rumfar a ƙara masa iska a taya. Ya ɗaga buhu, ya leƙa injin, ya daɗe yana dubawa.

"Gudu ba shi ba ni mamaki," in ji shi daga baya. "Na ga da yawa sunka yi gudu sunka koma gida bisa igiya. Kai dai ta gama tseren Malbaza da ƙahwahunta, ko ita ta ta ƙarshe, ka taho Sakkwato in ba ka wuri."

Sakkwato ba nisa. Mutum ya yi aiki, ya kwana gidansa ran Juma'a.

Ana saura kwanaki kaɗan a yi tseren, Zalika ta aje masa tuwo, ta zauna bakin tabarma tana tauna ƙanƙara.

"Baba ya ji labari," ta ce.

"Wane?"

"Wai gidan mai kake sayen mai. Da jarka. Kana biyowa ta bayan kasuwa don kar ka wuce gaban teburinai."

Muttaƙa ya tsame hannu daga miya.

"Ba raini ba na. Motar ta ba ta shan wanga man."

"Na sani. Ni ka gaya ma. Shi mi zan ce mai? Man da yac ciyar da mu tun muna ƙanana ba shi da kyau?"

Ya ci gaba da cin tuwon ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

Mahaifinta, Malam Labo, ɗan ruwa-ruwa ne, masu saida fetur a kwalabe da jarkoki bakin hanya. Teburinsa na kan hanyar iyaka tun Zalika ba ta yi wayo ba. Da can sana'ar na ci. Tun da mai ya yi tsada a ƙetare ta zama sai a hankali. Wanda yake samu yanzu daga hannu zuwa hannu yake zuwa, jarkar da ta ɗauki kalanzir jiya ita ke ɗaukar fetur yau, ya wuni a rana yana tsami. Ba ha'inci yake ba. Babur ba ya tambaya, yana sha yana tafiya.

Shi ya ba Muttaƙa ɗiyarsa lokacin da dangi ke cewa yaron da ya bar makarantar lise ya shiga baƙin mai ba shi da gobe. Tun ranar ɗaurin aure Muttaƙa bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Bai ci abinci gabansa ba, bai ambaci sunansa ba. In ya hango teburin sai ya sauka daga babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Magana tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. In akwai wata, Zalika ke ɗauka ta kai, ta dawo da amsa. Haka aka tarar, haka ake yi.

Ranar tsere ta zo da zafin kaka, irin wanda ke sa ƙarfe ya ƙona hannu tun hantsi. Filin wata tsohuwar mahaƙar jan ƙasa ce a bayan Malbaza, masu aikin hanya suka daddaɓe ta suka tafi. An zagaye ta da tsofaffin tayoyi, motar ruwa ta bi ta yayyafa. Motoci sun zo daga Tawa, daga Maraɗi, daga Sakkwato. Jandarmomi na kora mutane baya da reshe. An kafa rumfa, an ɗaura lasifika a kan itace.

Chindo ne zai tuƙa. Taubashin Muttaƙa ne, ɗan kawunsa, direban taksin Konni zuwa Dosso, mutumin da bai taɓa barin wata mota ta wuce shi ya yafe ba. Ya sa hular kwano ta aro, tana yi masa yawa.

"Injiniya, mi kake ta shahwa ta kamar amarya? Ka ba ni makulli in kai ta ɗaki."

"Ka ji abin da nac ce maka. Ba na hwari nike so ba. Ka gama kawai."

"Bawana, in ka ga na gama na biyu, to na hwarin jirgin sama na."

"Kuma kar kowa shi taɓa tankin."

"Na ji, na ji. Tun jiya kake wanga wa'azi."

Rabin tanki Muttaƙa ya zuba na haɗinsa, daidai abin da zai kai ta ƙarshe, don kada nauyi ya yi yawa. Gwangwanin magani na ƙarshe ya juye a ciki. Yana cikin ɗaure murfi aka zo aka ce Alhaji Faruk na kiransa, wata motarsa na wani kuka da yaransa suka kasa ganewa. Wannan kira ba a ƙin sa. Ya tafi can ƙarshen fili, ya sa kunne, ya nuna musu wata tiyo da ta tsage. Alhaji ya gyaɗa kai. Muttaƙa ya juyo zuciyarsa fari tas, rabonsa da jin haka har ya manta.

Daga nesa ya hango mutane sun kewaye motarsa.

Ya ƙara sauri. Da ya kutsa, sai ya ga farar riga, wankakkiya, ta zuwa Juma'a. Malam Labo ne, ya rungumi jarka a ƙirji yana tuttulawa. Chindo ke riƙe da mazurari, an shimfiɗa ƙyalle a bakinsa don tacewa. Wata jarkar na gefe a kife, ta riga ta ƙare. Man na gangarawa ja-ja, warinsa ya doki hancin Muttaƙa, ya ji kalanzir a ƙarƙashinsa.

Ƙafafunsa suka yi abin da suka saba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a jan ƙasa, idonsa a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗana. Lahiya lau." Malam Labo bai daina zubawa ba. Shi ma ba Muttaƙa yake kallo ba, da Chindo yake magana, kamar yadda ya dace. "Ka gaya ma ɗan'uwanka, ban da abin da zan ba shi ranar ga sai abin da Allah ya hore man. Ba a ce surukin Labo ya shiga hili da man saye ba. Wanga na zaɓa na, na aje shi tun wancan sati, ban saida ma kowa ba."

"An gode, Baba," in ji Chindo. "Allah shi ƙara arziki."

Jarkar ba ta kai rabi ba tukuna. Kalma ɗaya za ta tsayar da ita. Muttaƙa ya buɗe baki. Mutane sun fi ƙarfin ƙirga a kansu, har da ƴan kabu-kabun da ke shan mai a teburin tsohon kullum. Ya rufe bakin. Ya saurari man yana shiga, yana shiga, har ƙarar ta canza, tanki ya cika ya tumbatsa.

Sai lasifika ta ɗauka.

"Jama'a ku ji zumunci! Malam Labo mai ruwa-ruwa, na hanyar iyaka, ya cika ma surukinai tanki kyauta! Motar Konni, makanikin Konni, man Konni! Wanda ka son man da ka tashi sama, ya san teburin da za shi!"

Fili ya ɗauki tafi. Aka kawo wa Malam Labo kujera, aka aje ta a inuwar motar, dab da tankin. Ya zauna, ya ɗora jarkar a cinya, yana amsa gaisuwa.

Muttaƙa ya ja Chindo gefe.

"Mi nac ce maka?"

"Ni zan ce ma tsoho a'a? Da hurhuratai? Surukinka na, ba nau ba. Kai ka hwaɗa mai."

"Ka san ba ni iyawa."

"To ni ma haka. Kai, bari tada hankali. Mai ai mai na. Taksina da shi take zuwa Dosso."

"Taksinka ba ta da turbo, jaki."

"Jakin na za shi ɗauko maka kohi."

Muttaƙa ya zagaya bayan motar ruwa ya kira Zalika a waya. Ta ɗauka da murna, ta ɗauka an gama. Ya gaya mata a gajarce.

"Ba a iya zuƙe shi?" ta tambaya.

"A iya. Sai na kwanta ƙarƙashinta na kwance tiyo, ya zuba ƙasa gabanai. Gaban kowa. Kuma wancan haɗin nau ya riga ya gauraye, ban da wani."

"An hwaɗi sunanai a lasifika?"

"An hwaɗa."

Ya ji numfashinta, mai nauyi, na mai tsohon ciki.

"Kwana ukku bai kahwa tebur ba," ta ce. "Inna tac ce man. Wai yana tara maka. Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba."

Ta kashe.

Aka busa usur na farko. Muttaƙa ya ɗaga murfin inji ya yi abin da ya rage. Ya sassauta sandar da ke tsare matsin turbo, don iskar ta ragu. Ya juya delko mai raba wuta baya kaɗan, wuta ta dinga zuwa a makare. Duk ƙarfin da ya tara damina biyu, da hannunsa yake zubar da shi don injin ya rayu. Malam Labo na kallonsa daga kujera, yana murmushin wanda ke ganin gwani a bakin aiki.

Muttaƙa ya sunkuya a tagar Chindo.

"Ka saurara da kyau. Kar ka take ta ƙasa in ka hito kwana. Ka bar ta ta ɗauka da kanta. In ka ji kamar tsakuwa cikin gwangwani, ɗaga ƙahwa. Ko kowa shi wuce ka."

"Da wagga hula? Ko ganga anka buga ba ni ji."

"Chindo. Don Allah."

Chindo ya dube shi, wasan ya ɗan sauka daga fuskarsa.

"To. Zan lallaɓa ta."

Aka sauke tuta.

Da farko ya cika alkawari. Motar ta bi tsakiyar ayari, ba gaba ba, ba baya ba, tana fita kwana a natse. Muttaƙa na tsugune a ƙasa kusa da kujerar surukinsa, don ba ya yiwuwa ya tsaya tsaye a kansa. Ba da ido yake bin tseren ba, da kunne. Duk sanda ta wuce sai ya ware muryarta daga ta sauran, ya auna. Lafiya. Ta sake wucewa. Lafiya. Ya fara tunanin watakila rabin nasa ya rinjayi rabin tsohon. Ya fara addu'a ba tare da leɓensa ya motsa ba.

Sai wata jar mota ta Maraɗi ta shiga gaban Chindo a kwana, ta watsa masa tsakuwa a gilashi. Direbanta ya fito da hannu ya yi masa alamar sai an jima.

Muttaƙa ya rufe ido. Ya san ɗan kawunsa.

Muryar injin ta canza nan take. Turbo ta yi fito mai tsawo, motar ta durƙusa ta baya ta yi tsalle. Ko da an rage mata ƙarfi, ta fi su. Ta cim ma jar motar a miƙe, ta wuce ta kamar tana tsaye. Ta wuce ta gaba. Mutanen Konni suka ɓarke da ihu, wasu na jifa da huluna sama. Da a wata rana ce, da Muttaƙa ya yi kuka don daɗi. Abin da ya ƙera ke nan, yana yin abin da ya ƙera shi ya yi.

A kwanar da ke gabansu ya ji ta. Ƙarama, a ƙarƙashin duk hayaniyar. Tsakuwa a gwangwani.

Ya miƙe bai nemi izini ba, ya ruga bakin tayoyi. Jandarma ya daka masa tsawa, bai ji ba. Ya ciro tsumman aljihunsa yana kaɗawa ƙasa, ƙasa, da hannu biyu, yana kiran sunan Chindo har muryarsa ta tsage. Motar ta zagayo. Chindo ya gan shi. Ya ɗaga masa dunƙulallen hannu ta taga, ya danna oda sau biyu, ya ƙara takawa.

Duk mutanen da ke bakin filin hannu suke kaɗawa. Nasa bai bambanta da na kowa ba.

Wani ya dafa kafaɗarsa. Malam Labo ne, ya taso daga kujera, murna ta sa ya manta da kunya.

"Ka ji kukanta? Ka ji? Wanga shi na mai!"

"Na ji, Baba."

Yana ji kuwa. Kowane zagaye ƙarar na ƙara fitowa. Zafi ya taru a ƙarfe, iskar da ke shiga ta daina sanyi, man na kamawa tun lokaci bai yi ba. Yana ganin abin kamar murfin injin gilashi ne: kan fistan na fari, gefensa na narkewa kaɗan-kaɗan, zoben da ya goge da hannunsa na neman wurin miƙewa babu. Ya san wane fistan ne zai fara tafiya, na can baya, inda ruwa ke isa a makare. Ya san komai. Tsumman na hannunsa ya sauka da kansa.

Chindo na gaba da kowa lokacin da mai tuta ya fara shirin ɗaga ta ƙarshe. Sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Hayaƙi shuɗi ya tuttuɗo ta baya, mai kauri, ya rufe waɗanda ke bin ta. Fiton turbo ya mutu. Ta gangara da sauran gudunta, a hankali, a hankali, ta je ta jingina da tayoyi kamar wadda ta gaji. Jar motar Maraɗi ta wuce. Sauran suka wuce.

Da Muttaƙa ya isa, Chindo ya fito ya cire hular, yana tsaye ba wasa a bakinsa. Baƙin mai na ɗiga a jan ƙasa. Muttaƙa ya naɗe hannu da tsumma, ya kwance bujin baya. Bakinsa ya narke, an yayyafa masa ɗigon farin ƙarfe kamar gishiri. Naman fistan ne.

Mutane suka taru. Suka buɗa wa Alhaji Faruk hanya. Ya karɓi bujin, ya juya shi a rana. Ya je ya buɗe tanki ya sunsuna. Ya dawo.

"Na ga yadda tat tashi," ya ce. "Ban ga irinta ba wajen nan. Kuma na ji mai lasifika ɗazu." Ya ɗaga bujin. "Tambaya guda zan maka, Malam Muttaƙa, don in san wanda zan ɗauka. In man na, wanga ba laihinka ba na, maganarmu tana nan. Man na, ko aikinka?"

Malam Labo na tsaye a bayan Alhaji, ya biyo mutane da jarkarsa a hannu, numfashinsa na sama-sama don saurin da ya yi. Farar rigar ta yi ja a ƙasa. Fuskarsa babu komai sai tausayin surukinsa. Ƴan kabu-kabu na kewaye da shi, suna saurare.

Muttaƙa ya dubi ƙafafun tsohon. Iyakar inda ya taɓa kallo ke nan.

"Man lahiya lau na, Alhaji. Aikina na. Ban ba zahi hakkinai ba."

Chindo ya buɗe baki. Muttaƙa ya taka masa ƙafa.

Alhaji Faruk ya daɗe yana dubansa. Ya waiga ya dubi tsohon da jarkarsa, ya dawo da ido. Ya sa wa Muttaƙa bujin a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai.

"To. Kai kac ce. Allah shi ba da sa'a gaba."

Ya juya, yaransa suka bi shi.

"Kar ka sa ma ranka," in ji Malam Labo, ga Chindo yake magana. "Ka gaya mai ƙarhe na, yau shi yi, gobe shi ƙi. Yaro na, yana koyo. Baɗi in Allah ya kai mu, ni zan sake cika mai."

"An gode, Baba," in ji Muttaƙa.

Bisa igiya motar ta koma Konni, a bayan wata motar ɗaukar albasa.

Washegari Muttaƙa ya buɗe injin a rumfa. Fistan na baya ya huje, ɗan yatsa na shiga. Gutsattsarinsa sun bi ta cikin turbo sun kakkarye fukafukanta, sun kakkarce bangon injin. Babu abin ɗauka. Ya mai da murfin, ya ɗaure kusoshin duka daidai ƙa'ida, kamar za ta sake tashi, ya lulluɓe ta da buhunan.

Zalika ba ta tambaye shi ba sai da ta gan shi yana cusa sifanu cikin jakar tafiya, tsakanin riguna.

"Baba ya aiko in tambaye ka mi yak kashe ta. Wai ko da abin da zai iya."

"Ki ce mai zahi na."

"Ni hwa? Mi za ka ce man?"

Ya ja zif ɗin jakar. Zif ɗin ya tsaya a tsakiya, ya ƙi gaba. Ya yi ta ja.

"Zahi na," ya ce.

Ta karɓi jakar daga hannunsa, ta gyara zif ɗin, ta rufe. Ta riƙe ta a kan cikinta ba ta miƙa masa ba, har sai da ɗan kabu-kabun da zai kai shi inda ƴan Tajaye ke jira ya yi oda a ƙofar gida.

Hanyar ta gaban teburin ta bi. Muttaƙa ya sa aka tsaya, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Malam Labo ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce kada ya damu da Zalika, gida za ta dawo ta haihu gaban uwarta. Mutane biyu na jiran a zuba musu, ciniki ya ɗan motsa tun ranar lasifika. Tsohon ya bar su tsaye. Ya zaɓi kwalba daga layin gaba, ya ɗaga ta a rana ya duba, ya buɗe tankin babur ɗin ya juye, ya ƙi karɓar komai.

Ɗan kabu-kabun ya buga sau ɗaya, ya tashi. Suka hau kwalta. Muttaƙa na baya, jaka a cinya, kunnensa ya tafi wurin injin da kansa, yana neman tsakuwar nan. Babu. Babur ɗin na sha yana tafiya.